Babur Ɗin Da Ya Rage

Kamalu mai hatsi ya tsallaka titi ya faɗa shagon Alhaji Bashar mai babura, da takardar gonarsa a aljihu. Shekara biyu ke nan 'yan bindiga sun hana manoman Batsari shiga gona. Rumfarsa ta koma wurin kwanan awaki, mai taki ma ya tattara ya koma Katsina. Shi kuwa Alhaji, a sauke masa babura ran Litinin, kafin Alhamis an kwashe.

"Alhaji, gonata zan sayar in shigo harkarka. Garinmu ɗaya, masifarmu ɗaya, amma kowa na kuka kai kana sauke kaya."

Alhaji ya dube shi. "Kai da ka zauna kana sa min ido, ka taɓa ganin wanda ya saya yana yawo da shi cikin gari?"

Kamalu ya girgiza kai. Bai taɓa gani ba.

"Daji ake kai su. Mutanen can ba sa sakin mutum sai an haɗa musu kuɗin fansa da sabon babur. Abin da ya kashe kasuwarka, shi ya tayar da tawa."

Kamalu ya tuna bai bar komai a gida ba. Ya nuna guda ɗaya da ya rage a lungu cikin leda. "Duk da haka, ba ni wancan in fara."

"Wancan ba na sayarwa ba ne. Da kaina zan kai shi bayan garin Ruma gobe. Tun ran Juma'a ɗiyata Rashida ke hannunsu."