Yatsu Huɗu a Gefen Jirgi

Zauna, ɗan ƙanena. Tunda ka sayi kwale-kwale kana ce mini haka kowa ke lodi, bari in ba ka misali, kuma ba a littafi na karanto shi ba.

Akwai wani mai fito a kogin nan namu. Yadda ya gada wurin ubansa, ba a ƙirga mutane. A yi ta zuba fasinja da buhuna da awaki, shi kuma ya kara hannu a gefen jirgi: muddin da sauran yatsu huɗu tsakanin bakin jirgi da ruwa, to bai cika ba. Hukuma ta kafa doka, aka rubuta da fenti a jikin kowane jirgi yawan mutanen da zai ɗauka, aka raba rigunan da ke hana nitsewa. Masu fito suka yi dariya, wai mutanen ofis ne za su koya musu ruwa. Shi rigunan nasa ma matashin kai ya mayar da su a gida. Wata ranar kasuwa ya auna yatsunsa huɗu cif, ya tura. A tsakiyar kogi iska ta ɗan kaɗa, ba guguwa ba, iska kawai, sai jirgi ya kife. Shi ya iya iyo, ya fito. Matata, wadda ta goya ka kana jariri, tana cikin jirgin, ita ba ta iya ba.

Da na kai ƙara, masu fito suka yi layi a kotu suna shaida cewa bai yi sakaci ba, awon kenan tun kakanni. Ina zaune ina ji. Alƙali ya ce inda doka ta yi shiru, ana duba yadda masu sana'a suka saba kafin a kira mutum mai sakaci. Amma inda ta faɗi adadi ƙarara, yawan masu karya ta ba ya wanke ko mutum ɗaya. Ya ɗora masa alhaki da diyya. Diyya ba ta amsa sallama idan na shiga gida.

Jiya ina tsaye a gaɓa na gan ka ka durƙusa kana kara yatsu a gefen sabon jirginka. Adadin da aka rubuta yana nan dab da hannunka, ko kallonsa ba ka yi ba. Matar wa za ka ɗauka gobe? Hausawa sun riga sun gama magana: sabo turken wawa.