Fasfo a Bakin Durowa

"Wannan akwatin na waye?" in ji mahaifiyarta, karo na uku tun safe.

"Nawa ne, Mama. Jibi zan tafi Bangkok, karatun wata huɗu."

"Bangkok? Ke da ko safarki ba ki iya wankewa ba?" Ta yi dariya, sannan ta tsaya tana dubanta kamar mai laluben suna.

Likita ya riga ya faɗa cewa wannan mantuwa ba ta ja da baya. Cikin wata huɗu uwa tana iya manta fuskar 'yarta. Al'adar gidan nan nasu na Ohio kuwa sananniya ce: kakarta ta bar makaranta domin jinyar uwa, mahaifiyarta ma haka ta yi. Ko da yake innarta, 'yar'uwar mahaifiyar, ta yi alkawarin tarewa a gidan, ita 'yar sai ta ƙudurta sanar da jami'a kafin azahar cewa ta fasa.

Ta jawo durowa za ta mayar da fasfo. Ko'ina a gidan akwai 'yan takardun tuni: kashe murhu, sha magani. Wannan kuwa a cikin durowar aka manna ta, da rubutun mahaifiyar tun hannunta bai fara rawa ba:

"In ajiye fasfo kika zo yi, ɗauki abinki. Ni na zauna, duk da haka uwata ta manta ni. Tafi."

"Wannan akwatin na waye?"

Ta jefa fasfon cikin akwatin, ta ja zif.

"Nawa ne, Mama."