Muryar Layin Baya

Ana tsakiyar waƙa Maman Biyu ta yi shiru, leɓe kawai take motsawa.

Ta gaji. Shekara goma sha biyu tana cikin 'yan amshi a coci, kullum a bayan Kanari, mai ba da waƙa. Kanari ake tafa wa, ita fasto yake yabo. Maman Biyu kuwa ko sannu babu. Yau so take ta ga ko akwai wanda zai lura.

Ba wanda ya waiwayo. Sai dai muryar Kanari ta fara rawa, ta kauce hanya, mai piano yana ta hararar ta.

Maman Biyu ta ji daɗi, sai kuma kunya ta rufe ta. Ta runtse ido. "Yesu, ashe tafi nake nema, ba kai ba. Ka gafarta mini. Ko kai kaɗai ka ji, ya ishe ni."

Ta ɗauki baiti na biyu a hankali. Waƙar ta daidaita, aka tafa wa Kanari, wannan karon abin bai yi wa Maman Biyu zafi ba.

Bayan sujada tana naɗe rigarta, Kanari ta riƙo hannunta.

"Yaya, don Allah kada ki sake yi mini haka."

"Me na yi?"

"Kunnena ɗaya ya mutu tun ina yarinya, ba na jin piano sosai. Ni na roƙa a tsayar da ke a bayana. Duk shekarun nan muryarki nake bi."