Ciwon Innar Minista

Ministan ruwa ya faɗo ɗakin mahaifiyarsa ko takalmi bai gama cirewa ba. Ya same ta kwance, ta ja bargo har wuya.

"Inna, jikin ne kuma? Ai likita ya ce bai ga komai ba."

"Likita ne a cikin jikin ko ni? Zauna."

Ya zauna yana satar kallon agogo. "Shugaban ƙasa na jiranmu. Yau kowane minista zai faɗi abin da ya tsinana wa jama'a, wanda ya gaza a sallame shi. Ni dai hankalina kwance. Duk zuwan da na yi layin nan, famfo na zuba."

"Haka ne," in ji Inna, ta saki nishi. "Matsa min ƙafar nan."

Ya matsa ta dama, ya matsa ta hagu. Da ya yunƙura zai tashi, sai ciwon ya koma kafaɗa.

Can sai maƙwabciya ta leƙo ta taga, ta yi raɗa irin tata, wadda ake ji har ƙofar gida. "Inna, ƙara riƙe shi kaɗan. Matar tela ba ta cika randarta ba."

Minista ya saki kafaɗar. "A riƙe wa?"

Inna ta yaye bargo, ta tashi zaune garau.

"Kai mana. Yaranka ba sa sako mana ruwa sai sun ji jiniyarka ta nufo nan. Je ka faɗa wa Shugaban haka. Kuma ranar Asabar ciwon zai sake tashi, muna da wanki."