Tsakuwa a Cikin Wake

Ban tabbata ko shekaruna bakwai ne ko takwas ba, amma na tabbata bayan la'asar ne, a gidanmu na Taura. Tun da jaririn Inna ya rasu ta daina magana, abinci ma sai an matsa mata. Kullum maƙwabciyarmu, Gwaggo Hanne, takan shigo da faifan wake.

"Taso ki taya ni tsinta, 'yar nan. Idanuna sun gaji."

Inna takan miƙa hannu ta tsince tsakuwar, ɗaya bayan ɗaya. Rannan na bi Gwaggo zaure, na tarar tana mayar da tsakuwar cikin waken. Ta dube ni ta ce, "Kada ki faɗa. Ranar da waken nan ya tsintu, da me zan shigo?"

Sai a jami'a na koyi sunan ciwon Inna. Yanzu a Yalwawa nake zaune, kuma mako uku ke nan ban ji muryar matar da ke bayan katangata ba. Ina da wake a gida. Har yau ban ƙwanƙwasa ƙofarta ba.