Sakan Ashirin

"Wannan za ki ɗauka, Hajiya," in ji mai shago, ya turo mata kwalin SSD, ma'ajiyar da za ta maye gurbin wadda ta mutu a kwamfutar wasan mijinta. "Shekara goma za ta yi, ko gezau."

Matar ta nuna ɗaya kwalin. "Waccan fa?"

"Ta fi sauri, amma zafi take yi, ba ta da ƙarko. Ko maƙiyina ba zan ce ya saya ba."

"Saurin ya kai nawa?"

Mai shago ya ƙyalƙyale da dariya. Ya saba da masu son ƙyale-ƙyale. "Sakan ashirin kacal kafin wasa ya buɗe! Maigidan naki jirgi ne zai tashi ya bar shi?"

Ita ba ta yi dariya ba.

"Ba ni mai saurin. Tunda ya kwanta, wasan nan kaɗai ke mantar da shi ciwo. Likita ya ce da ƙyar ya kai wata biyu. Ba na so ya ƙara jiran komai."

Mai shago ya dubi katin garantin da ke hannunsa, ya kife shi a hankali.