Ƙararrawar Saniya

"Zalia, yau ma ya ba ni labarin saniyar nan." Da ruwa Kadri yake magana, a jirgin ruwan da ya taso daga tashar St. George.

Tun da mota ta banke ƙanwarsa Zalia a Staten Island, direban ya gudu, barci ya ƙaurace wa Kadri. 'Yan sanda ba su samu komai ba sai fasasshen gilashin fitila da ɗan shuɗin fenti a jikin jakarta.

Bayan sadakar arba'in aka kira shi jinyar wani tsoho ɗan ƙabilar Tamil, Baba Kandasami. Wai tsohon da kansa ya ambaci sunansa. Tunda aiki ya samu, Kadri bai tsaya tambaya ba.

Tsohon yana da 'yar ƙararrawa a gefen gado, da labari ɗaya tal. A zamanin da, in ji shi, wani sarkinsu ya rataye ƙararrawa a ƙofar fada, duk wanda aka zalunta ya zo ya kaɗa. Ran nan ɗan sarkin ya take maraƙi da keken doki. Uwar maraƙin ta zo ta ja igiyar ƙararrawar da ƙaho. Sarki ya kwantar da ɗansa a hanya, ya bi ta kansa da keken.

"Haba Baba, wane irin uba ne wannan?"

"Mai ƙarfin hali. Ni ba ni da shi. Amma da kai ne saniyar, za ka kaɗa?"

Sai Kadri ya yi murmushi, ya gyara masa filo.

Shi kuwa Selvan, ɗan tsohon, da an fara labarin yake ficewa. Mutumin kirki ne dai. Shi ke ajiye wa Kadri shayi, ya taka masa har tashar bas, don ya daina tuƙi, wai cunkoso ya ishe shi.

Yau tsohon bai kai ƙarshen labarin ba. Ya damƙa wa Kadri ƙararrawar da makullin gareji, ya juya fuska bango.

Ga ƙararrawar nan yanzu a aljihun Kadri, ya cusa mata tsumma kada ta yi ƙara.

"Zalia, ban faɗa wa kowa ba tukuna. Na buɗe garejin, na ɗaga tamfol. Motar Selvan shuɗiya ce, fitilarta a fashe."